Kunyar Suruka da Ƙafar Nangondo

"Yau za mu ɗauke ta. Kafin rana ta faɗi tana gida."

Malume Zingani ne ya faɗi haka, yana tsaye a bakin rumfar masu jinya da ke bayan asibitin mishan, hannu ɗaya a aljihun wata kwat da ta sha duniya. Tiyanjane tana durƙushe tana tuƙa nsima, tuwon masara, hayaƙin ɗanyen itace na cin idonta. Ta saki muciyar.

"Malume, a ɗauke ta a kai ta ina? Ƙafar fa ba ta warke ba."

"To a hannun mai jiran ya datse ta za ta warke?"



Mahaifiyarta, Nangondo, ta daɗe da ciwon suga. Fartanya ce ta ɗan sare ta a yatsa a gonar dankali, abu kamar wasa, har ƙafa ta kumbura ta fara wari aka kwantar da ita. Ƙanwar Nangondo, Inna Esinati, ita ta tare a asibiti tana jinya. Tiyanjane kuwa an bar ta gida da haƙar dankali, sai da safen nan ta samu ta zo.

Kuma a ɗakin matan nan Lonjezo yake aikin nas. Lonjezon da ya aiko mutanensa neman aurenta tun kafin damina. Malume, wan mahaifiyarta, wanda maganar aurenta ke hannunsa, ya karɓe su, ya ba su wurin zama, amma har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Fanuwel Chikafa mai injin niƙa ya fara yawan tsayawa da motarsa a ƙofar Malume. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ai ɗauka zai yi.

Malume ya matso. "Je ki tambayi matan ɗakin nan. Yaron nan akwai baki. Sai ya ja kujera ya zauna gaban tsohuwar da bai taɓa gani ba, ya yi ta yi mata bayani har ta gaji. Amma in ya iso gadon uwarki sai ya sunkuyar da kai ya wuce kamar ya ga dodo. Me yake ɓoyewa?"

"Malume, apongozi ce fa. Surukarsa. Da ya tsaya ya zuba mata ido, ku ne za ku fara cewa ba shi da tarbiyya."

"Na ba shi ke ne, da zai ari kunya ya yafa?"

Inna Esinati tana gefe tana gyaran ganyen kabewa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni dai abin da idona ya gani. Ranar da likita ya zagayo, suka tsaya a ƙarshen gado suna ta Turanci, shi Lonjezon yana nuna ƙafa, har gwiwa ya nuna."

"Kin ji ko?" in ji Malume. "Ni na girme ki da shekaru, na san 'yan boko. Ya san in ya aure ki dole ya tare a gidan uwarki, ya yi noma tana kallonsa. Surukar da ba ta da ƙafa kuwa ba ta bin kowa gona. Ya kwashe ki sai birni, wa zai hana shi?"

Ta so ta ce ƙarya ne. Amma ta fasa. Domin ta tuna ran da Lonjezo ya ce mata, cikin raha, shi kam bai ga yadda zai zauna a ƙauyen da sai an yi rabin wuni kafin a iso asibiti ba. Ta kuma tuna duk kiran da ta yi masa a kwanakin nan tana tambayar jikin Amayi, wato mahaifiyarta, amsarsa ɗaya ce: "Sai kin zo." Me ya hana shi faɗa? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ana cikin haka sai ga a-kori-kurar Fanuwel ta tsaya. Ya fito yana juya makulli a yatsa, turarensa ya riga shi isowa.

"Tiya, sannu da hidima. Na shimfiɗa katifa a baya. Akwai wani bawan Allah a bakin tafki, ruwa kawai yake yi wa addu'a, bai taɓa riƙe wuƙa ba. Ni zan kai Amayi da kaina."

"Amayin wa?" in ji ta.

Ya yi dariya. "Ai uwar wani uwar kowa ce."

Ta ɗauki kwanon nsima ta wuce ba ta ƙara kallonsa ba.

Ta tarar da Nangondo kwance ta juya fuska bango. Ƙafar na naɗe, ƙudaje na neman hanya. Ta rame har wuyanta ya fito.

"Amayi, ku tashi ku ci."

"Na ci don me?" Muryar ta dishe. "Kowa raɗa yake a kaina. Matar gadon can ta ce ta ji an ce daga cinya za a yanke. Esinati ta ce wankewa kawai za a yi. Zingani ya ce mu gudu. Wa ke ƙarya a cikinsu?"

"Lonjezo bai gaya muku komai ba?"

Nangondo ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mutumin naki? In ya zo sai na ja zane na rufe fuska, shi kuma ya kau da kai, ya miƙa wa Esinati magani. Haka aka koya mana, na sani. Amma 'yata, na ga yadda yake wucewa da sauri. Mutum ba ya son kallon wanda ya san ba zai tashi ba."

Tiyanjane ta ajiye kwanon. Hawaye suka zubo ba ta ma sani ba.

Can bayan ɗakin, wajen igiyoyin shanya, ta sami Lonjezo yana wanke hannu a famfo. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Tiya! Yaushe kika..."

"Kar ka kira sunana. Me za ku yi wa uwata?"

Murmushin ya ɓace. "Inna Esinati ba ta gaya miki ba?"

"Kai nake tambaya. Ka kalle ni. Ƙafar uwata kake so a yanke don ka huta da zaman ƙauye?"

Ya tsaya kamar an kwaɗa masa mari. Ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

"Ni? Ni kike gaya wa haka?"

"To me zan ce? Na kira ka, na sake kira, sai ka ce sai na zo. Ga ni na zo! Kowa a ɗakin nan ya san ciwonsa daga bakinka, ban da ita. Lonjezo, in ka gaji da ni ne ka faɗa, amma kar ka haɗa da uwata."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta jingina da sandar shanya.

Ya rufe famfon. Sannan ya ce, a hankali, "Ban gaya miki a waya ba domin jikinta ne, ita ya kamata ta fara ji. Yatsu biyu ne, Tiya. Ƙananan. Sun riga sun mutu. Likita yana so ya cire su gobe. In aka cire, muna sa ran sauran ƙafar ta tsira. In aka bari, ruɓar za ta hau. Shi ne na nuna gwiwa, ina tambayarsa ko ta kai can. Ya ce ba ta kai ba tukuna."

"Tukuna?"

"Tukuna. In aka kai ta bakin tafki yau, ban san da me za a dawo mana ba."

"Me ya sa ba ka gaya mata ba?"

"Ta yaya? Na zauna gaban apongozi na kama ƙafarta ina maganar yanka? Kawunki fa ido ya zuba mini, jira yake na yi tuntuɓe. Na roƙi Sista Mwale ta yi mata bayani, ita kuma ita kaɗai ce da dare a kan ɗaki guda, ta ce na gaya wa mai jinya ya wadatar. Na zaunar da Inna Esinati na yi mata bayani dalla-dalla, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ta ce ta isar, Amayi na tunani."

Ta share ido da bakin zanenta tana kallonsa. Fuskarsa ba ta yi kama da ta maƙaryaci ba. Amma wane maƙaryaci ne yake kama da maƙaryaci? Ta juya ta koma rumfa.

Ta ja Inna Esinati gefe, bayan tarin itace.

"Inna, tsakaninku da Allah, me Lonjezo ya ce ku gaya wa Amayi?"

Inna ta yi ta murza bakin zane. "Ya ce... yatsu."

"Kuka gaya mata?"

"Ke yarinya! Da wane bakin? Yayata ce fa, ita ta goye ni. Na tsaya a kanta tana kwance na ce za a yanke miki jiki? Ai sai zuciyarta ta buga. Na ce mata wankewa za a yi, don hankalinta ya kwanta."

"Malume fa?"

"Shi na gaya masa akwai maganar yanka. Ban ce yatsu ba, ban ce ƙafa ba. Shi ya gaya wa Fanuwel. Daga nan ban san yadda ta kai cinya ba."

Haka magana take. In ta bi hannu uku, ko mai ita ba zai gane ta ba. Babu wanda ya yi niyyar mugunta, sai dai kowa ya gutsure abin da ya yi masa nauyi, ya ƙara abin da zai amfane shi.

Tiyanjane ta koma da gudu. Ta zaga ko'ina tana nema, sai can ta tarar da Lonjezo a bakin ƙofar ɗakin mata.

"Ka je ka gaya mata da bakinka. Yanzu."

"Kin san abin da zai biyo baya? A gaban kawunki?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba, Tiya."

"Uwata ce!" ta ce da ƙarfi, har wata mai shara ta waiwayo. "Ni in na faɗa za ta ce soyayya ce ta rufe mini ido. Inna ta riga ta yi mata ƙarya. Kai ka san abin. Ka je, ko me zai faru."

Ya dube ta, dogon kallo, irin na mai shirin tafiya. Sannan ya shiga.

Su Malume sun riga sun taru a gadon. Inna na ɗaure kaya a zane, Fanuwel ya kawo keken marasa lafiya ba tare da ya tambayi kowa ba. Nangondo tana hango farar rigar Lonjezo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Lonjezo bai wuce ba. Ya tsaya gaban Malume, ya rusuna, ya tafa hannu a hankali kamar yadda ake yi wa manya.

"Malume, ina neman izinin magana."

"Ba mu da lokaci."

"Gajeriya ce. Maganar da iyayena suka kawo gidanku, na janye ta. Daga yanzu ba na neman Tiyanjane."

Kowa a ɗakin ya waiwayo. Har mai tarin gadon ƙarshe ta haɗiye tarinta.

Tiyanjane ta zuba masa ido. Ta ce ya yi magana, amma ba wannan ta ce ba. Ko dama hanya yake nema? Ko dama ya gaji, ita kuma ta buɗe masa ƙofa da hannunta?

Malume ya karkata kai. "Maimaita, kowa ya ji."

"Na janye. Don haka wannan baiwar Allah ba surukata ba ce. Marar lafiya ce a ɗakina, kuma ba za ta fita ba sai ta ji abin da ke jikinta. In ta ji ta ce tafiya za ta yi, ni zan tura keken har mota."

Ya jawo wata 'yar gajeriyar kujera ya zauna, kansa bai kai tsayin gadon ba.

"Amayi Nangondo, kun ji abin da na faɗa. Babu sauran kunya tsakaninmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku buɗe fuska, don Allah."

 Sannan mayafin ya sauka a hankali. Idanunta jajur.

Bai fara da bayani ba. Ya ce, "Kafin na ce komai, ku gaya mini abin da kuka ji, da abin da ya fi ba ku tsoro."

Fanuwel ya yi tsaki. "Ga shi zai fara daɗin bakin nasa."

"Kai, mai niƙa," in ji tsohuwar gadon kusa, "nan ba injinka ba ne, rage ƙara."

Nangondo ta fara magana, da ƙyar da farko, daga baya kamar an fasa tulu. Ta faɗi zancen cinya. Ta faɗi wata gwaggonta da aka kai birni da ƙafa biyu aka binne ta da ɗaya. Ta ce wa zai yi mata huɗa, wa zai hau tudu ya ɗebo ruwa. Ta ce kwana da kwanaki ba ta shan ƙwayoyin, a ƙarƙashin katifa take turawa, don ba ta san na mene ne ba, kuma ba ta san zuciyar mai bayarwa ba.

Lonjezo ya runtse ido da ya ji haka, amma bai katse ta ba. Sai da ta gama.

Ya kwance ƙafar a hankali. Ya taɓa diddige. "Kuna ji?"

"Ina ji."

Ya taɓa babban yatsa. "Nan fa?"

"Ina ji."

Ya matsa ƙananan biyun nan da suka yi baƙi, ya matsa sosai. "Nan fa?"

Ta ɗago kai ta leƙa. "Ka taɓa ne?"

"Na matsa da ƙarfi, Amayi. Ku kuka fi ni sanin dankali. In biyu suka ruɓe a buhu, me kuke yi?"

Ta dubi yatsun. Can ta ce, "A tsame su. In ba haka ba buhun ya tafi."

"To su biyun nan ne kawai likita ke son cirewa. Za a yi muku allura, ba za ku ji zafi lokacin aikin ba. Bayan nan zai yi ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Za ku daɗe kafin ku taka sosai."

"Ka rantse ba za a wuce nan ba."

"Ba zan rantse ba. Ban ga cikin ƙafar ba, likita ma sai ya buɗe. Abin da na sani, gobe ta fi jibi. Kuma in ya ga wani abu daban, ba za a taɓa ko ƙumba ba sai an dawo an gaya muku, ku da kanku."

Malume ya ce, "Kin ji? Ya ƙi rantsuwa!"

Nangondo ba ta ko kalli wanta ba. "Shi ya sa na yarda. Duk wanda ya zo kaina rantsuwa yake yi, kuma babu wanda maganarsa ta yi daidai da ta wani." Ta mai da ido kan Lonjezo. "Me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Kunya, Amayi."

"Kunyar taka ta kusa cinye mini ƙafa."

"Haka ne. Na yi kuskure. Yanzu ku maimaita mini abin da kuka fahimta, don na tabbata bakina bai yi gardama ba."

Ta maimaita, tiryan-tiryan, har da maganar ƙumba. Sannan ta ce wa Esinati ta kwance kayan, ta ɗaga katifa ta fito masa da ƙwayoyin.

Fanuwel ya daina juya makulli. Amma ɗan kasuwa ba ya barin kasuwa don an ƙi kayansa na farko. Ya matsa kusa da Malume ya yi masa raɗa. Malume ya gyara kwat, ya yi gyaran murya.

"To, madalla. Ƙafa taki ce, kin zaɓa. Amma kowa a nan shaida ne, yaron nan da bakinsa ya janye. Fanuwel, ka turo mutanenka ranar Asabar."

Tiyanjane ta dubi Lonjezo. Jira take ya ɗago, ya ce wani abu, ko da ido ne. Bai ɗago ba. Naɗe ƙafar yake yi, sai dai ta ga hannunsa na rawa, har ya kasa ɗaure bakin ƙyallen sai a karo na biyu. Wanda ya samu hanyar gudu, hannunsa ba ya rawa haka. Nan ta gane abin da ya biya, kuma ita ta aike shi.

Ta zube a gaban kawunta. "Malume, ku dubi Allah! Don Amayi ya yi. Kun san don ita ya yi!"

"Ni abin da kunnena ya ji na sani. Magana zarar bunu ce."

"Zingani."

Nangondo ce. Ta yunƙura ta tashi zaune, ta jingina da ƙarfen gado.

"Kai ke ba da ita, ban musa ba. Amma ni na haife ta, kuma a tsakar gidana mijinta zai zauna. Babu wanda zai karɓi kazar neman aure daga kowa, babu wanda zai shimfiɗa wa baƙi tabarma, sai na tako ƙofar gidana da ƙafata."

"In kuma ba ki taka ba fa?"

Tambayar ta faɗo ɗakin kamar dutse. Nangondo ta dubi wanta, ta dubi Fanuwel, ta dubi 'yarta da ke durƙushe. Daga ƙarshe ta sauke ido kan mutumin da ke zaune a gajeriyar kujera.

"Ka ji shi, malamin jinya. Wata ƙila ba zan taka ba." Ta miƙa masa hannu, tafi a buɗe. "Ba ni maganin. Ka gaya mini sunan kowanne da aikinsa, ina sauraro."